Duwatsun Gwaggon Ruga

Sana'ar Inna ƙuli-ƙuli ce da man gyaɗa, amma a unguwarmu ta Wurno da ajiya aka fi sanin ta. Mace in ta sami abin da ba ta son miji ya gani, ko ɗa ya gani, ko ita kanta ta gani ranar da kwaɗayi ya taso mata, sai ta ƙulle shi a tsumma ta kawo wa Inna. Akwai wata babbar kwalla mai murfi a ƙarƙashin gadonta, a nan ƙulle-ƙullen suke zama, wani ya shekara, wani ya fi. Inna ba ta sa wa ƙulli alama. Tsumman take ganewa. Za ta ce wannan gefen zanen wance ne, da shi ta zo sunan jikan wane, kuma ban taɓa jin ta ba wata na wata ba.

Dokokinta ba su da yawa. Ba ta tambayar abin da ke ciki, ba ta kwancewa, kuma ba ta karɓa ko mayarwa a tsakar gida. Sai an shiga ɗaki an saki labule. Ɗakin Inna kuwa irin ginin da ne, na ƙasa, taga ɗaya ce ƙarama can sama, ita ma an toshe ta da tsohon buhu saboda sauro. Ko da rana tsaka ka shiga, sai ka ɗan tsaya idonka ya saba kafin ka ga gado.

Ni ce 'yarta ta biyu, kuma ban gaji wannan hali nata ba. A lokacin da nake ba da labari aurena ya mutu, na dawo gida da keken ɗinkina, ina zaune a rumfa ina kallon duk mai shiga da mai fita. Tun ina yarinya Inna take cewa ko fura aka miƙo mini sai na leƙa gindin kwano kafin in sha. Ban musa ba. Na sha ce mata, "Inna, yanzu in wata ta ƙullo miki tsakuwa, ta dawo ta ce zinari tab ba ki, mi za ki ce?"

Sai ta ce, "Ke dai Allah shi shirye ki. Wace ta za ta ɗauko tsakuwa tun daga gidansu don ta ɓata man suna?"

Cikin masu kawo ajiya akwai wata Bafillatana mai tallar nono, rugarsu tana bayan Dinawa. Mu Gwaggon ruga muke ce mata, don tun kafin a haife ni suke tare da Inna. Doguwa ce siririya, ba ta da yawan magana, dariyarta ma a cikin gyale take yin ta. In ta shigo gari gidanmu take fara sauke ƙwarya, ta sha ruwan randa, ta yi salla, Inna ta zuba mata ƙuli, ita kuma ta bar mana man shanu a ɗan ƙoƙo. Hirarsu ba ta wuce lafiyar shanu da ciwon gwiwa. Amma in mako ya wuce ba ta zo ba, sai ka ga Inna tana yawan leƙa zaure ba tare da wani dalili ba.

Wata rana bayan an gama girbi, gab da lokacin da suke tashi da shanu su bi ruwa kamar yadda suke yi duk rani, Gwaggo ta shigo da la'asar daga kasuwar Goronyo, fuskarta a sake. Suka shiga ɗaki. Kunnena kuwa ba ya hutu, na ji ta ta labule tana cewa dutsen wuya ta saya wa autarta, wadda za a kai ɗaki in sun dawo, kuma ba ta son yarinyar ta gani sai ranar. Ta ce a faifan wani ɗan koli ta hango shi yana ta ƙyalli a rana, ko tayi na kirki ba ta yi ba, nan take ta yage gefen ɗankwalinta ta ƙulle shi. Inna ba ta tambaye ta ba, murna ce ta sa ta faɗa. Ƙulli ya shiga kwalla aka rufe, Gwaggo ta tafi.

Da ruwan farko ya sauka suka dawo. Ranar da ta zo karɓa ina kwance a gadon Inna ina fama da zazzaɓi, shi ya sa na ga abin da bai kamata kowa ya gani ba. Inna ta ce in juya bango in yi kamar ba na nan. Na juya, amma ido ɗaya na bari a waje.

Gwaggo ta kwance tsumma, duwatsun suka zubo a tafin hannunta. Ƙananan duwatsun roba ne a zare, farare, fari mai ɗan dishi-dishi irin na tsala. Ta juya su, ta sake juyawa. Ta ɗauki tsumman ta duba, nata ne, ga ma inda ta yaga. Ta daɗe a haka har Inna ta ce, "Lahiya dai?"

"Lahiya lau," in ji Gwaggo. Can ta ce, da murya ƙasa-ƙasa, "Wanda nis saya ja na. Awa ɓawon albasa."

Inna ta ɗaga labule kaɗan, haske ya ɗan shigo, duwatsu suna nan farare. Ta ce, "Wallahi tun da kib ba ni ƙullin ga ban taɓa shi ba."

"Na sani," in ji Gwaggo.

Ni da aka ce ba na nan, sai na tashi zaune na ce a fita da shi waje a duba da kyau. A tsakar gida kuwa akwai matar yayana da maƙwabta biyu suna daka. Fita da ajiya gabansu daidai yake da a yi shela cewa wani abu ya faru a kwallar Inna. Gwaggo ta girgiza kai ta ce, "Ɗiyata, ba ni buƙatar rana in gane hwari da ja." Ta mayar da duwatsun cikin tsumma ta ƙulle. Ba ta miƙa wa Inna a hannu ba, a bakin gado ta ajiye. Ta ce a ci gaba da riƙewa, ba a gaggawa. Ta yi godiya da Fillanci, ta ɗauki ƙwaryarta ta fita, ko ruwan randa ba ta sha ba.

Da ta yi faɗa da ya fi mana sauƙi. Ni dai na san yadda zan yi da mai faɗa. Amma Gwaggo ba ta sake tayar da maganar ba, ba ta kuma sake shigowa gidanmu ba. Sai dai mu ji muryarta tana tallar nono a layin baya, ta kewaye ƙofarmu ta ɓulla can gaba. In suka yi kiciɓis da Inna a hanya za ta durƙusa ta gaishe ta da kyau, ta tambayi kowa da kowa, ta wuce. Inna ta dawo gida ta zauna a gaban turmi ba ta daka komai.

Ni kuwa aiki ya same ni. Abu ja ba ya zama fari don kansa, saboda haka wani ya kwance ƙullin, ya ɗauke na kirki ya sa na banza. Na fara da matar yayana, 'yar Magarya, don ita ke share ɗakin Inna in ta tafi biki, kuma a 'yan kwanakin na gan ta da sabon ɗankunne wanda ban san inda ya fito ba. Na jira ta shiga wanka na birkice ɗakinta, tun daga ƙarƙashin katifa har cikin tukunyar da take ɓoye daddawa. Ban samu ba, wanda a wurina bai nuna komai ba illa ta iya ɓoyo. Na koma kan wata dillaliya maƙwabciyarmu, mai son zama a bakin gadon Inna tana kaɗa ƙafa, dunduniyarta tana bugun kwalla. Na yi ta jan ta da hira kan duwatsun wuya, ina kallon idonta. Idonta bai nuna komai ba, amma dillalai dama da haka suke cin abinci.

Har Gwaggo ban ƙyale ba. Na ce wa Inna wataƙila ita ce ta manta launin, ko kuma dama farin ta ƙullo don ta ga abin da za a ba ta a madadinsa. Ranar ce kaɗai tun da na girma Inna ta ɗaga mini hannu. Ba ta mare ni ba, ta dai ɗaga, ta ce, "Ki sake hwaɗin haka ki gani."

Magana ta fita. Ni na ce bakin matar yayana ne, ita ta ce tambaye-tambayena ne, har yau ba mu daidaita a kan wannan ba. Sai mata suka fara zuwa karɓar ajiyarsu, kowace da uzurinta, wannan za ta yi wa ɗiya gara, waccan miji ba lafiya. Abin da ya fi cin Inna shi ne kowace sai ta kwance ƙullinta nan a gabanta ta duba. A da ba mai yin haka, ɗauka suke su soke a zane su yi gaba. Babu wadda ta ce ta rasa ko da allura, amma babu wadda ta dawo da nata. Kafin kaka kwalla ta zama fanko, sai ƙullin Gwaggo kaɗai a ciki.

Inna ba lada ake ba ta a kan ajiya ba sai na Allah, don haka ba abin hannu ta rasa ba. Amma ta rame, abinci sai an yi da gaske take ci. A bakin wasu masu nono muka ji an kai autar Gwaggo ɗaki. Inna ta riga ta sayi faranti da sabuwar tabarma don gudummawa, suka yi ta zama a kan jere ba wanda ya aiko. Na ji haushin Gwaggo ƙwarai, na kuma ji tausayin uwata har ina ɓoyewa in yi kuka a bayan keke.

Rani ya zo su Gwaggo suka tashi ba sallama. Da damina ta kewayo ba su dawo ba. Lokacin daji ya ƙi zaunuwa, rugage da yawa sun watse, kowa ya nufi inda yake ganin zai kwana da dabbobinsa lafiya. Yayana ya je bayan Dinawa ya tarar da turaku da tsohuwar toka kawai.

A cikin wannan daminar ce aka yi wani ruwa mai ƙarfi, ɗakin Inna ya yi yoyo, ruwa ya kwanta a ƙarƙashin gado. Da gari ya waye rana ta fito tas, muka kwaso komai muka baza a tsakar gida. Gindin kwalla ya riga ya yi tsatsa ya huje, ƙullin Gwaggo ya jiƙe sharkaf. Inna ta tsaya tana jujjuya shi. Ta ce tunda mai shi ta riga ta kwance a gabanta, ba laifi ta shanya kada tsumman ya ruɓe. A bakin ƙofar ɗaki ta kwance, ta zuba duwatsun a faifai ta miƙa wa matar yayana ta ce ta sa a rana, ita kuma ta koma ciki ta tayar da sallar walaha.

Ina kan keke na ji matar yayana tana cewa, "To, wa ya aje jan dutse nan kuma?"

Na ɗago. A kan faifai ga dutsen wuya ja jawur mai shiga shunayya, launin ɓawon albasa sak, yana ƙyalli. Ban san lokacin da na tsallake keke ba. Na ce, "Na kama ki! Kin ga an hiddo kaya shi na kil lallaɓa kim maido shi! Ina hwarin? Hiddo shi!" Ta hau rantsuwa tana tafa hannu. Ban saurare ta ba, na dumbule duwatsun na faɗa ɗakin Inna, na tsaya a kanta ina haki ina jira ta sallame. Inna kuwa ba ta gaggawar salla ko gobara ake yi.

Da ta sallame na ce, "Inna, ga na Gwaggo, ya hito!" Na buɗe hannu. Jan ya riga ya kwanta, saura ɗan ruwan hoda, kuma muna kallo shi ma ya janye. Duwatsu farare a tafina, kamar yadda muka san su.

Na duba ƙasa, na duba hannun rigata. Na ma fara tunanin ko matar yayana ta san wani abu da ba a koya a islamiyya. Inna ce ta karɓa ta fita da su tsakar gida ta shimfiɗa hannu a rana. Mu uku muka sunkuya. Tun ba a gama bisimilla ba suka fara ɗaukar launi, daga gefen da rana ta fi bugu, har suka rine duka. Ta kai su inuwar rumfa suka fara kwanciya, ta dawo da su suka tashi. Sai Inna ta zauna daɓas a ƙasa mai laka, da zanen sallarta, ta ce, "Innalillahi. Ashe gaskiya tah hwaɗi, ni ma gaskiya nih hwaɗi." Ta fashe da kuka irin wanda ban ga ta yi ba tun rasuwar Baba.

Ni ban yarda da duwatsun nan ba sai da na gwada su. Na ce wataƙila zafi ne, na kai su bakin murhu, ba su motsa ba. Na tsoma su a ruwan zafi, haka. Na haska musu tocila, na sa su ƙarƙashin ƙwan lantarki ranar da aka kawo wuta, ko gezau. Rana suke so, ita kaɗai. Ranar hadari ma suna ɗaukar launi, amma kaɗan. In na rufe rabi da yatsa, rabin da ke waje ne kawai yake rinewa. Dillaliya ta ce kayan aljanu ne a jefa a gulbi. Na ce mata aljanun da za su zauna a faifan ɗan koli a Goronyo suna jiran ciniki ai sun ji jiki.

Akwai wani mai sayar da tabarau a kasuwar garinmu, yayana ya ce in kai masa, don yana da irin gilashin da ke baƙi a rana ya washe a ɗaki. Ya duba ya yi dariya, ya ce duk abu ɗaya ne. Roba ce aka cuɗa ta da wani sinadari tun tana narke, in hasken rana ya taɓa shi sai ya juya ya ba da launi, in an shiga inuwa ya koma yadda yake. Na tambaye shi ko ɗan kolin ya san haka. Ya ce wataƙila, wataƙila kuma shi ma a rana ya saro. Ni dai na san abin da na zaɓa a cikin biyun. Har na juya ya kira ni ya ce, "Hajiya, ku dai rage bari nai cikin rana. Abin ga gajiya shikai. Irin mai arahan ga in ya sha rana da yawa, wata rana kin hiddo shi ba shi canzawa." Na ɗauka so yake ya sayar mini da wani abu, na tsaya in ji mene ne, sai na ga ya koma kan wani mai ciniki.

Inna ta nuna wa matan unguwa. Suka yi ta salati, wasu suka ce dama su sun san ba za ta aikata ba, waɗanda kuwa su ne suka fara zuwa karɓar nasu. Biyu ko uku suka dawo da ajiya. Inna ta karɓa, amma na lura ba su ne a ranta ba. Mutum ɗaya take son ta ga duwatsun nan sun yi ja, kuma ba wanda ya san inda take.

Daga nan Inna ta tsiri bin kasuwanni. Ita da ba ta wuce ƙofar gida sai da dalili, sai ga ta da ɗan kwandon ƙuli tana shiga mota, yau Goronyo, wani mako Rimawa, duk inda ta ji masu nono suna zama. Takan ɗaura duwatsun a wuyan hannu, a waje, ta bi layin masu ƙoren nono tana gaishe su tana tambaya. Tunaninta shi ne ko ba ta ga Gwaggo ba, wata za ta ga jan dutse a hannun tsohuwar Wurno ta kai labari. Ni nake raka ta, ina harare-harare, don a ganina rabin matan sun san inda take, ɓoye mana kawai suke yi.

Ni na fara lura launin yana raguwa. Da farko na ce idona ne. Daga baya ya tabbata, jan ya daina kaiwa inda yake kaiwa, kuma sai ya ɗauki lokaci kafin ya taso. Maganar mai tabarau ta dawo mini, raina ya ɓaci don ban so ya zama mai gaskiya ba. Na ce, "Inna, ki ruhe su. Kina ƙone shaidarki da kanki. Ranar da munka same ta mi za ki gwada mata, hwarin dutse?"

Ta ce, "In na ruhe, wa za shi gane shi shi kai mata labari?"

Muka yi ta wannan ja-in-ja. Na ɗinka musu 'yar jaka baƙa mai zuge, ta karɓa ta yi godiya, da mun sauka a mota ta ciro su ta ɗaura. Kowace kasuwa idona yana kan hannunta. Na tsani duwatsun nan, na tsani ɗan kolin da ban taɓa gani ba, wani lokaci har ranar nake harara.

A Rimawa wata tsohuwa mai nono ta riƙe hannun Inna ta daɗe tana kallo, ta yi ta tambayar su waye mu, me muke nema. Sai da ta gamsu ta ce mutanen da muke faɗa sun koma wajen Rabah, kuma matar tana shigowa ranar kasuwa. A wannan makon na ƙwace duwatsun na kulle a aljihun keke, ban ba Inna ba sai da muka shiga mota.

Mun same ta a gindin wata bishiya tare da sauran masu nono. Ta tsufa fiye da yadda shekarun suka isa su sa, ƙwaryarta ma ta koma ƙarama. Da ta ga Inna ta miƙe ta durƙusa, ta fara jero gaisuwar nan tata mai kyau wadda ba ta da ƙofar shiga. Inna ba ta bari ta gama ba. Ta kama hannunta ta ja ta daga inuwa zuwa tsakiyar fili, gaban masu awo da masu kaji da kowa. Matar da ta yi rayuwarta ba ta miƙa ajiya sai a bayan labule, ta zuge jaka ta zuba duwatsun a tafin Gwaggo, ta ce, "Riƙe. Kak ki ruhe hannu."

Muka jira. Rana tana dukan ƙeyarmu, duwatsu suna kwance farare. Ina ta addu'a a zuci, ina kuma zagin kaina da ban ƙwace su tun da wuri ba. Can suka ɗan motsa. Wani launi ya taso siriri, kamar ruwan da aka wanke yankakkiyar albasa a ciki, ya tsaya nan bai ƙara ba. Wanda bai san su ba zai ce datti ne.

Na fara bayani da sauri, roba ce, sinadari ne, a da ja suke yi sosai, a tambayi duk unguwarmu. Inna ta ce in yi shiru. Gwaggo ta daɗe tana kallon tafinta, ta ɗago ta kalli Inna, ta ga yadda zane yake neman zagaye ta sau biyu. Sai ta ce, "Shi na." Ta ɗaura duwatsun a wuyanta.

Ban yarda ba. Na san kunyar Gwaggo, ko gawayi aka zuba mata a hannu a gaban jama'a haka za ta ce. Na kalli Inna na ga ita ma ba ta saki fuska ba, tana tsaye hannu a sake, kamar wadda aka sallama ba a ba ta amsa ba.

Gwaggo ta ce mu jira. Ta koma wajen ƙwaryarta ta juya mana baya. Na ga ta duƙa ƙasa, na ji ƙarar yagewar ƙyalle. Ta dawo da ɗan ƙulli a gefen ɗankwalinta, ta kamo hannun Inna ta sa mata a ciki ta naɗe yatsun a kai. Ta ce, "Ki aje man. Sai na zaka."

Inna ba ta tambayi mene ne ba. Ta soke shi a zane, suka koma inuwa suka zauna, ta ciro ƙuli, Gwaggo ta ɗebo nono, suka shiga maganar ciwon gwiwa. A mota na kai hannu in ɗan latsa ƙullin, Inna ta buge mini yatsu. Da muka isa gida ta sa shi a sabuwar kwalla, da yamma ta ci tuwo har ta nemi ƙari.

Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta, Gwaggo kuma ba ta zo ba, ban ma san ko tana raye ba. Kwallar tana ɗakina yanzu. Na latsa ƙullin ta bayan tsumma ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Abu ɗaya ne ƙarami mai tauri, ba shi da siffar zobe ko ɗankunne. Na kuma ga lokacin da ta duƙa, kuma na san abin da ake samu a ƙasan kasuwar Rabah. Zan iya rantsuwa tsakuwa ce ta ɗauka ta ƙulle, don kawai uwata ta koma gida da ajiyarta a zane.

Kwanan baya matar yayana ta shigo aron zare, ta buɗe kwalla ta ga ƙullin, ta latsa, ta ce, "Wanga ai dutse na. Mi kika yi da shi? Kwance mu gani mana."

Na ce, "Ajiyar mutane ta. Ɗauke hannunki."